Hoton da Ya Kamo Ƙeyar Mai Ƙulli

Mai Ƙulli ake ce mata, don shi ne aikinta a masaƙa tun tana budurwa: zare ya tsinke a inji, a ɗaga mata hannu, ta rugo ta ƙulla. A nan ta ci ƙuruciyarta, cikin ƙarar da ko uwarka ta kira ka ba ka ji, da ƙurar auduga mai sa wa yarinya furfura kafin azahar. Ta yi aure, ta haifi shida, ta binne miji, masaƙar ma ta mutu ta bar ta.

Abu ɗaya ke ci mata tuwo a ƙwarya. In ta ce a zamaninta duk zauren saƙa babu mai kyanta, sai jikoki su kwashe da dariya.

"Kaka, da wannan hancin?" in ji babbar jikar.

"Shi kika gada, marar kunya."

Da aka gyara masaƙar aka mai da ita gidan tarihi, labari ya zo an rataye tsohon hoton ma'aikata a bango. Ta ɗaura sabon zane, ta tasa jikoki a gaba. Yau za a san mai ƙarya.

Ga injuna a jere an goge su fes, sun yi shiru kamar ba su ne suka kurmantar da rabin unguwa ba. Ga hoto ya ci bango guda. Ta laluba har ta samo kanta a cikin hoton, tana sunkuye kan zare, ba a ganin komai sai ƙeya da ɗankwali.

"Kai, Kaka, wannan ƙeya ta haɗu!"

Sai wani tsoho mai sanda da ke zaune a benci ya ɗago kai. Masaƙi ne na da, wanda ta laƙaba wa Ɓarnau don zarensa ya fi na kowa tsinkewa.

"Mai Ƙulli! Kina nan da rai?" Da ƙarfi ya faɗa, irin maganar kurame.

"Ina zan je? Ɓarnau, hannun ya gyaru kuwa?"

"Hannuna lafiya lau yake tun can. Yara, ku matso ku ji. Zaren nan da farce nake tsinke shi, don kawai ta zo ta tsaya kusa da ni. Kuma ba ni kaɗai ba, duk layinmu haka muke yi."

Ta gyara ɗauri, ta dubi jikoki ɗaya bayan ɗaya, sannan ta juyo kansa.

"Au, ashe ku ne kuka karya mini baya? Miƙo sandar nan!"

Ya rungume sandarsa, yana dariya har da tari. Ta zauna gefensa a bencin, ta kore jikoki su je su kalli injuna, manya za su yi magana.