Bidiyon 'Yata a Wayar Ƙanwata

Shekarar da 'yata ta cika biyar ina sayar da wake da shinkafa a bakin babbar kwatar ruwa ta unguwar Nima, daga hantsi har la'asar. Ba wurin zaman yara ba ne, ga wuta, ga motocin haya da ake kira trotro suna wucewa kamar za su shiga tukunya. Don haka idan an tashi daga makaranta, ƙanwata ce take ɗauko ta. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ɗakinta yana kallon nawa, kitso take yi a tsakar gida.

Yarinyar akwai baki. Takan ɗaura ɗankwalina ta kwaikwayi yadda nake faɗa da masu saye, rabi da Hausa rabi da Twi. Ƙanwata ta fara ɗaukarta a waya tana sakawa a intanet. Sau ɗaya ta nuna mini, na yi dariya har na ƙware. Ban tambayi su wa suke kallo ba. Wannan laifina ne.

Wata Asabar yarinyar tana gefena a wurin sana'a, sai wani mutum ya tsaya, tsaf da shi, ban taɓa ganinsa ba. Ko tukunya bai kalla ba. Ya durƙusa ya kira ta da sunan da mu kaɗai muke kiranta a gida. Ya ambaci makarantarsu, ya ce ai ya san ƙofarmu mai shuɗin fenti. Ya miƙa mata alewa, ya ce ta zo su zaga bayan kanti su yi hoto inda babu hayaƙi.

Ta miƙe za ta bi shi. Ko waiwayata ba ta yi ba.

Na fizgo ta, ludayi a hannuna. "Kai wane ne? Uban wa ya aiko ka?"

Ya yi murmushi ya ce in daina ƙauyanci, yarinyar ai ta kowa ce yanzu. Sai da wasu mata masu dako suka taso, sannan ya juya ya nufi hanyar Maamobi.

Na bar wa maƙwabciyata tukunya, na ja yarinyar muka wuce gida. Na tarar da ƙanwata da kan wata mata a cinya.

"Ba ni wayar nan."

"Yaya, lafiya?" Ko ɗagowa ba ta yi ba.

Na wafce. Bidiyo ne rututu: yarinya da kayan makaranta, tambarin a fili, yarinya a ƙofar gida, har tana barci a tabarma an ɗauka. A ƙasa baƙi suna tambayar ina take, ƙanwata tana amsa musu, har da kwatancen masallacin da ke kusa da mu.

Na gaya mata abin da ya faru. Na zaci za ta firgita, sai ta taɓe baki.

"To ya ɗauke ta ne? Baƙin ciki kike yi, Yaya. Kin ƙare a cikin hayaƙi, kina so ita ma ta ƙare can. Rabin masu zuwa kitso yanzu saboda ita suke zuwa."

"Ashe da 'yata kike talla?"

"Wa yake rainonta in kina can kina zagin mutane?"

"Ki haifi taki ki saka wa duniya."

Shekara shida da aurenta, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Na san inda na soka, kuma da gangan na yi. Na jefa wayar cikin bahon wanke-wanke.

Mahaifiyarmu ta fito tana salati. Ba ta tambayi mutumin ba, ba ta tambayi jikarta ba, ni ta nuna da yatsa ta ce in ba ƙanwata haƙuri. Na ce, "Mma, sai ta goge." Ƙanwata ta ce ko mutuwa zan yi ba za ta goge ba.

Sai da yayanmu ya zo daga Zongo Lane ya tsaya a kanta, bayan an gyara wayar, ta goge tana hararata. Amma wasu sun riga sun kwafa. Bayan wata guda ina cikin trotro, matar da ke gefena tana kallon 'yata a waya tana dariya. Na sauka tun ban kai inda zan je ba.

Na canza wa yarinyar makaranta, ni nake kai ta ni nake ɗauko ta, ko da za a rasa ciniki. Na koya mata cewa sanin sunanta ba ya mai da mutum ɗan'uwa, duk wanda ya kira ta, ta zo wurina tukuna. Waya kuwa ba ta taɓawa sai ina zaune.

Ƙanwata da mijinta suka koma unguwar Madina. Da Babbar Sallah ta zo gaida Mma, ta wuce ni kamar turmi. Yarinyar ta ruga ta rungume ta. Ƙanwata ta ɓamɓare hannun a hankali, ta ce, "Koma wurin uwarki, kar a ce na sayar da ke."

Yarinyar ta yi kuka ranar, kuma ni ta ƙi yi wa magana har washegari.