Karan Jirgin Malam Jatau

A gidanmu na Tudun Wada, da an idar da sallar isha'i kakarmu Inna Kande takan jawo kujerarta kusa da murhu, mu jikoki mu zagaye ta. Yawanci labarin gizo take ba mu, mu yi ta dariya har barci ya kwashe ƙanana. Akwai kuma labari ɗaya da ba ta buɗe shi da "ga ta nan ga ta nanku". Sai dai ta tura itace cikin wuta ta ce, "Wannan ba tatsuniya ba ce, ku natsu."

Labarin mijinta ne, kakanmu Malam Jatau masassaƙi, wanda ba mu taso mun tarar ba. Lokacin da Turawa ke shimfiɗa layin dogo, an ɗebe shi aikin tilas tare da mazan ƙauyensu. Ya dawo da ɗingishi, magana kuma ta yi masa wuya. Bayan sun tare a Tudun Wada sai ya gina ƙaramin layin dogo a bayan ɗaki: tudu na laka, dogo na ɓawon kara, jirgi na totuwa da ƙafafun gwangwani. A ƙarƙashin dogon ya jera guntayen kara a gicciye. Maƙwabta suka ce aikin ya taɓa masa hankali.

Duk gabanin damina yakan wargaza shi a hankali. Ya jiƙa lakar ya ajiye, ya miƙar da gwangwanayen, ɓawon da gara ta ci ya sauya. Guntayen karan nan ne kawai ba ya sauyawa. Yakan ɗaure su a tsumma ya soke a rufin ɗaki, in rani ya yi ya sake shimfiɗa su.

Wata damina aka kwana uku ana ruwa, itace duk ya jiƙe, yara na kukan yunwa. Inna ta zaro ɗaurin ta hura wuta da rabinsa. Da ya gani bai yi faɗa ba. Ya zauna da wuƙarsa, ya tsaga kowane guntun da ya rage gida biyu, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, sannan ya ɗaure. Kwana biyu bai taɓa tuwonta ba.

Sai a zaman makokinsa wani tsoho da suka yi aikin tare ya gaya mata cewa kowane guntu sunan mutum ne, cikin waɗanda zawo da zaftarewar ƙasa suka kashe aka binne a gefen dogo ba sallah. Har da Audu, ƙanen Malam Jatau.

"Ban san ko Audu na cikin waɗanda na ƙona ba," in ji ta. "Ban taɓa tambayarsa ma'anar karan ba, shi kuma bai faɗa ba."

Mu a lokacin abin da muka ɗauka shi ne kada a taɓa kayan mutane ba izini. Sai da na girma, na binne nawa mutanen, na gane ba tarbiyya take yi mana ba. Shekara arba'in tana neman wanda zai ce mata yara ne ke jin yunwa, ba ta yi laifi ba. Mu kuwa muna zaune muna jira ta gama ta koma kan gizo, har ta rasu ba wanda ya faɗa mata.