Hajo Dillaliya da Kalmar Saje

A tsakiyar yaƙin basasa aka baza a Dukawuya cewa wani aljani Bature ya hau kan Hajo dillaliya, wai ko atishawa ta yi da Turanci take fitowa, har kajinta sun daina jin Hausa. Ƙarya ce tsagwaronta. Ni ɗan kawunta ne, abokin wasanta, na san aljanin nan ciki da waje: kalma ɗaya ce tak.

Mijinta Maharazu direban babbar mota ne, soja suka tafi da shi bakin daga. Rannan wani saje ya zo hutu, ya tsaya a zaure ya ce Maharazu "misin" ne. Baffa, ƙanen mahaifin Maharazu, ya ce ai shi ke nan, soja ba sa faɗin mutuwa kai tsaye, ya kamata Hajo ta shiga takaba.

Hajo ta ce sai ta ji ma'anar tukuna.

Tun daga ranar ƙafarta ba ta huta ba. Da ma gida-gida take bi da ƙullin zannuwa, yanzu kuwa duk inda aka ce akwai ɗan boko sai ta faɗa, ko ba za a sayi ɗankwali ba. Wani akawu a Shahuci ya ce in an duba kaya aka ga babu ɗaya, shi ne misin. Wata nas a Ƙofar Na'isa ta ce ko haƙori ne ya fita haka ake cewa. Hajo ta zo mini tana huci.

"Haƙori ai ba ya dawowa! Kai da ka yi aji uku, gaya mini gaskiya."

Na ce mu a ajinmu akuya ce in ta ɓata ake ce mata haka.

"To, akuya tana dawowa da magariba."

Ta bi ta tattaro dangin kalmar: "wundad" mai rauni, "ded" kuwa mutuwa ce ba kwana-kwana. Sannan ta je ta durƙusa gaban tsohon.

"Baffa, Turawa suna da kalmar mutuwa, gajeriya ce ma. Saje ya san ta, bai faɗe ta ba."

Baffa ya daɗe yana jan carbi, ya ce a jira.

Har yau jiran ake. Hajo ba ta fasa lalle da kwalli ba, kuma duk jirgin ƙasan da ya shigo da sojoji tana tasha, ƙulli a ka, tana leƙa taga-taga.

Jiya ta zo wucewa kamar an koro ta, na ɗaga murya daga dakali.

"Baturiyar Dukawuya! Yau wace kalma aka samo? Ko a kai ki Ingila ki koya musu?"

Ko juyowa ba ta yi ba.

"Ni jirgi zan tara. Maharazu ba ya nan, amma ana cigiyarsa. Kai kullum kana kan dakalin nan, ko kare bai taɓa nemanka ba. Je ka tambayi malaminku na aji uku, tsakaninka da Maharazu wane ne ya ɓata."