Barkan da aka yi ba jariri

Shekarun baya, ina aure a Gwiwa, cikina ya fara tasowa bayan na daɗe ban taɓa ko ɓatan wata ba. Ga wani ci da ya buɗe mini, wai! In na zauna gaban tuwo sai an janye kwano. Kowa ya ce ai magana ta fito. Ni kuwa har tafiyar masu ciki na koya, hannu a ƙugu.

Wata tara ya wuce shiru, jini kuma yana zuwa har ya fi na da. Tsofaffi suka ce cikin kwanciya ya yi, zai tashi. Mahaifiyata daga Roni ta dage da aiko fura da man shanu, wai ɗa ba ya tashi da yunwa. Ni ma na dage, na yi ɓul-ɓul.

Ranar da jiri ya kayar da ni a bakin murhu, maigidana ya kai ni asibiti a Kazaure, mahaifiyata ma ta biyo mu. Likitar, wata mace mai sanyin magana, ta yi hoto ta ce babu ɗa, ƙari ne a mahaifa, sai an yi aiki. Ta ce akwai sinadarai a jiki masu sa a ji yunwa ko ƙoshi, kitse ma yana fitar da wasu, kuma masana na zargin suna da hannu a girman irin wannan ƙari.

Mahaifiyata ta juya ga likitar.

"Likita, wato ni na yi kiwonsa da hannuna?"

"A'a, Inna, ba furarki ba ce. Ana kan bincike ne, kuma ramammu ma suna yin sa."

Aiki ya yi kyau, aka bar mini mahaifata. Amma wallahi ba ɗinkin ne ya dame ni ba, kunya ce. Da wane ido zan kalli matan da suka yi ta yi mini sannu, na dawo hannu biyu? Na ce a kai ni Roni in ɓuya.

Washegarin isarmu Roni na farka da ƙamshin kunun kanwa, irin na masu jego. Sai na ji mahaifiyata a tsakar gida tana aika wa maƙwabta: an sauka lafiya, a zo barka.

Na ce, "Inna, barkan me? Ina jaririn?"

"Ke, rufe mini baki! An shiga da 'yata ɗakin wuƙa, an fito mini da ita tana numfashi. Ni za a yi wa barka."

Mata suka cika gida, da sabulu da turare. Ba wadda ta yi mini jaje, sai tsiya, wai na ci abincin mutum biyu a banza. Na yi dariya har ɗinki ya yi zafi, sannan na yi kuka.

Har yau Allah bai ba ni haihuwa ba, kuma wani lokacin abin yana sosa ni. Amma ranar na gane cewa duk tsawon lokacin da nake zaman jiran ɗa, akwai wadda take tsoron rasa nata.