Kambun da Na Ɗaura wa Hannuna

A zamanin da Faransawa ke mulki, ni saurayi ne mai taurin kai a wani ƙauye kusa da Dungas, kuma ba abin da nake so a duniya kamar kiɗa. Sai dai gidanmu manoma ne, ba mu gaji ganga ba, kuma a lokacin wanda bai gada ba ko taɓa ta ba ya yi. Sai na samu akwatin katako irin wanda ake kawo garwar kananzir a ciki, na huda masa baya, in zauna a kai, in duƙa ina dukan gabansa da tafin hannu. Da farko dariya aka yi mini, daga baya aka fara tsayawa. Da kakar gyaɗa na ɗora shi a jaki zuwa Magarya, na kafa zama kusa da wurin awo. Kai, Allah ya jiƙan wannan zamani! Raƙuma a durƙushe, ƙamshin ƙuli-ƙuli ya cika kasuwa, ƴan dako suna jefa buhu a kamiyo, wato babbar motar kaya, daidai da kiɗana. Tun hantsi nake yi har la'asar, ba na ɗagowa.

Akwai wani tsohon makaɗi ɗan gado, mai yi wa ƴan kokawa ganga, da yakan tsaya daga nesa yana saurare. Wata rana ya kama hannuna ya juya, ya ce mini katako ba fata ba ne, abin da na ba shi zai mayar mini a ƙashi. Ya ce in riƙa bugu da yatsu a bakin akwatin, in miƙe bayana, in huta tsakanin take da take, in na koma gida in gasa hannun da ruwan ɗumi in shafa man kaɗe. Na yi masa godiya a baki, a zuci kuwa na ce baƙin ciki ne na ɗan gado da ya ga shigege ya tara jama'a.

Bayan kwana kaɗan wuyan hannuna ya kumbura, bayana ya riƙe, ko ruku'u da ƙyar nake yi. Maimakon in tuna maganarsa, sai na tuna ya taɓa hannuna. Na ce shi ke nan, ya jefe ni. Na je aka ɗinka mini kambu, na ɗaure shi tamau a inda ke ciwon. Hannun ya yi sanyi, zafin ya ɗauke, ni kuma na ce magani ya ci, na ƙara ƙarfin duka.

Yayana ɗan kokawa ne, kuma ni na ƙirƙira masa takensa a kan akwatin nan. In bai ji shi ba, jikinsa ba ya tashi. Ranar babbar kokawar kaka a Dungas ya shiga fili, ya waiwayo ya dube ni. Na fara, ya soma tsuma, sai yatsuna suka ƙi buɗewa. Na doka, ban ji komai ba. Fili ya yi tsit, kuma kowa ya san yankewar take a tsakiya mugun abu ne ga ɗan kokawa. Sai daga can gefe ganga ta ɗauki taken daidai inda na yar da shi, ko bugu ɗaya bai kauce ba. Tsohon nan ne. Ashe duk tsayuwar da yake yi, haddace kiɗana yake. Yayana ya yi kaye, ni kuwa ina zaune a kan akwati ina kuka.

Kunya ta hana ni zuwa wurin tsohon, har ya rasu ban nemi gafararsa ba. Yau yatsuna uku a lanƙwashe suke, akwatin kuwa kazar matata ke ƙwai a ciki. Ina kira ga duk mai cin abinci da hannunsa: in jiki ya fara ciwo, huta, kada ka ɗaure masa baki, kada kuma ka nemi maƙiyi a cikin masu ba ka shawara. Ni ba wanda ya jefe ni. Da haƙorina na ja igiyar kambun nan.