Aissa da jakin Santorini

Ranar da na fara fita bayan takaba, a tashar bas ta cikin garin Greensboro a Amurka na tsaya, sanyi yana cin yatsuna, ban san wacce mota ke zuwa unguwarmu ba. Wata mata ta dubi mayafina ta ce, "Baiwar Allah, Hausa?" Ta cire safar hannunta ta sa mini, ta bar motar da take jira ta wuce har sai da tawa ta zo. Ita ce Aissa.

Aissa tana gyaran ɗakuna a wani otal, mijinta Malam Hassoumi yana tuƙa tasi. Mace ce mai son tsafta da ado. Ko wa ya tambaye ta asalinta, sai ta ce, "Yamai, Plateau," unguwar manya ke nan, ta gyara zaman gyalenta. Mu dai ba mu taɓa musa mata ba.

A 2006 'yarsu Chamsiya ta gama karatun nas, ta saya musu tikitin babban jirgin ruwa na yawon buɗe ido a tekun Bahar Rum. Rana ta biyar jirgin ya tsaya a Santorini, tsibirin Girka, garin fararen gidaje a kan dutse. Ƙaramin kwalekwale ya kai su gaɓa, suka hau sama cikin wani akwati mai tafiya a jikin waya. An gargaɗe su: kwalekwalen ƙarshe ƙarfe biyar. Allurar ciwon sugar Malam kuwa tana cikin firijin ɗakinsu a jirgi.

Sun ga coci mai shuɗin rufi, sun ga tekun da Aissa ta ce ya fi baban rini shuɗi. Ta yi la'asar a bayan wani shagon zannuwa, mai shagon ɗan Masar ne, shi ya nuna mata alƙibla. Sai ya kawo shayi. Malam ya sha kofi ɗaya, ya gyara zama.

"Malam, agogo fa."

"Hajiya, a ina kika ga an tashi a kofin farko? Sai na uku."

"Nan ba garin Tawa ba ne."

"Ni direba ne. Wa ke tashi ya bar fasinja?"

Mai shago bai san da maganar kofi uku ba, sai da Malam ya yi masa bayani, ya sake ɗora buta. Da suka fito, layin akwatin waya ya kai ƙarshen titi. Saura minti arba'in. Hanya ɗaya ta rage: matakala kusan ɗari shida, ga Malam da ciwon gwiwa, ga jakunan haya a bakin hanyar.

Aka ɗora Malam a kan wani jaki fari. Jaki ya kafe. Mai shi ya ja, ya tura, ya yi faɗa da Girkanci, ko motsi. Malam ya fara salati.

Aissa ta dubi jakin, ta dubi fuskar mijinta, ta dubi jirgin can ƙasa. Sai ta ajiye jakarta, ta ɗaure gyale a ƙugu. Ta zura hannu ƙarƙashin shimfiɗar bayansa, ta zaro wata 'yar tsakuwa da ke sukarsa, ta sassauta igiyar ciki, ta sosa masa gindin kunne, ta yi wani irin tsaki da harshe. Jaki ya kaɗa kunne ya taka. Ta haye na biyu ba tare da kowa ya riƙe mata ba, ta shiga gaba, Turawa na ɗaukar hoto.

Sun tarar ana kwance igiyar kwalekwale. Da suka zauna, Malam yana haki ya ce, "'Yar Plateau, a wane ofis aka koya miki wannan?"

"Yi shiru ka sha ruwa."

Shi ya sani tun can. Ni ce ban sani ba, sai da ta dawo ta kawo mini tsarabar sabulun zaitun, ta rufe ƙofa ta nuna mini hoton da wata Baturiya ta aiko mata. A ƙauye ta tashi, yamma da Tawa a Nijar. Tun tana shekara bakwai take ɗebo ruwa a kan jakin babanta, kullum sau biyu, har aka kai ta Yamai wajen gwaggonta. Tana faɗa tana dariya, har da share hawaye.

Daga nan ta miƙo mini hoton ta ce, "Hindou, ajiye mini shi a wajenki. In Chamsiya ta gani zai zaga duniya. Amma ranar sunan ɗanta na fari ki fito da shi gaban mata duka, ki ba su labarin da bakinki. Ni kunya ba za ta bar ni ba."