Na danna, Agege ta ɓace

'Yan uwa, yau saura kaɗan in sa a zagi bawan Allah a banza.

Kun san maigidana Baban Hafsat da wasan tuƙa jirgin sama a kwamfuta. Har taswirar unguwarmu Agege ya ƙara a ciki. Da safe ina goge tebur, kwamfutar ta fito da wata tambaya da Turanci. Na ji tsoron barinta ba amsa, na danna.

Ashe sabunta wasan na yi. Ya dawo daga mayanka, jirgi na tashi sai wasan ya rufe kansa. Sau biyar.

Ya ce, "Aikin Oga Tunde mai gyara ne, yau zai ji ni."

Haƙƙin mutum fa! Na ce, "Don Allah kar ka kira shi, ni ce."

Sai ya riƙa cire abubuwan da ya ƙara ɗaya bayan ɗaya. Da ya cire taswirar, jirgi ya tashi lafiya, amma ƙasa duk daji. Ba layin dogo, ba motocin danfo.

Ya dube ni ya ce, "Maman Hafsat, masu rusau ma ai suna ba da notis."